Gadar da jirgin ruwa ke bi ta samanta, da abin da ya hana ta faɗuwa

A makon jiya wani mai sauraronmu, ɗan Maraɗi da ke karatu a Toulouse can kudancin Faransa, ya turo mana hoto ta WhatsApp. Jirgin ruwa ne, mutane na zaune samansa suna shan iska, yana tafiya bisa gada. Ƙarƙashin gadar kuma kogi na wucewa abinsa. Da muka nuna wa abokan aiki a gidan rediyo, ɗaya ya ce aikin kwamfuta ne, yanzu ba abin da ba a haɗawa. To hoton na gaskiya ne. Gadar tana garin Béziers, bisa kogin Orb, an buɗe ta a 1858. Tsawonta mita 240, tana tsaye bisa bakuna bakwai na dutse, kuma abin da aka shimfiɗa samanta ruwa ne maimakon kwalta. Wani yanki ne na kanal ɗin da ake kira Canal du Midi, wato hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, mai tsawon kilomita 240.

Mun san abin da wasu za su ce tun kafin su kai ƙarshen layi na biyu: yanzu da muke cire sunayen Faransawa daga titunan Yamai, shi ne za a zo ana yaba mana gadar Faransa? Tambaya ce mai hujja, kuma za mu komo kanta. Amma mu da muka yi lakol, muka haddace sunan sarki Louis na 14 da na ministansa Colbert don mu ci jarrabawa, ba wani mushe da ya taɓa tsayawa ya faɗa mana abin da ya fi amfani a labarin wannan zamani. Abin kuwa shi ne: sun yi kuskure da ruwa, ruwa ya ba su kashi, suka yarda sun yi kuskure, suka gyara. Gadojin dutsen da ake ɗaukar hotonsu yau yawancinsu gyaran kuskure ne.

Ga yadda abin ya faro. Faransa tana da teku biyu, Atlantika ta yamma da Bahar Rum ta kudu. Ɗan kasuwa mai son kai kaya daga wannan zuwa waccan sai ya kewaye ƙasar Sipaniya gaba ɗaya, ya bi ta mashigin Jibralta, ga nisa ga ƴan fashin teku. An daɗe ana mafarkin haƙa hanyar ruwa ta tudu, sai dai kowa na cin karo da matsala guda: tsakanin tekun biyu akwai tudu, kuma kanal ba ya rayuwa in ba a samu ruwan da zai riƙa zubo mishi daga wuri mafi tsawo ba. Wanda ya warware ƙullin, Pierre-Paul Riquet, ba injiniya ba ne. Ɗan Béziers ne mai karɓar harajin gishiri. Ya san duwatsun yankin da ake kira Montagne Noire kamar tafin hannunsa, ya gano za a iya tattara ƙananan ƙoramun can a cikin babban madatsi a Saint-Ferréol, a jawo ruwan ta rariya har zuwa Naurouze, wurin da ya fi ko'ina tsawo a hanyar, mita 189 sama da teku. Daga nan ruwa ya rabu biyu, rabi gabas rabi yamma. Sarki ya sa hannu a 1666, aka buɗe kanal a 1681. Riquet kansa bai gani ba, ya mutu a 1680, saura ƴan watanni, da bashi har wuya.

Inda labarin ya shafe mu shi ne nan. Kanal yana tafiya a kwance, yana bin gefen tudu, amma koguna da ƙoramu daga tudu suke gangarowa, don haka dole su haɗu. Kogunan wannan yanki kuwa halinsu ɗaya da na ƙoramunmu na Adar ko Gulbin Maraɗi. Da rani za ka iske su a bushe ko da ɗan ruwa kamar na alwala, ka ce ba komai. Ranar da hadari ya sauka bisa duwatsu, cikin ƴan awoyi su taso da yashi da itatuwa da duk abin da suka tarar. A mafi yawan wuraren, Riquet ya zaɓi hanya mai sauƙi da arha: ya gina ɗan madatsi, ya bar ƙorama ta shigo kanal ta wannan gefe ta fita ta wancan. Har ma yana ganin riba ce, tunda ƙoramar na ƙara wa kanal ruwa.

Amma akwai wata ƙaramar ƙorama, Répudre, kusa da ƙauyen Paraza, wadda ya ga ba ta da wasa. A nan ya yi abin da ba a saba ba: ya sa aka gina baka guda na dutse bisa ƙoramar, aka ɗora kanal samansa. An gama a 1676. Ita ce gadar kanal mafi tsufa a Faransa, kuma har gobe jirage na bi ta kanta. Ku lissafa da kanku, shekara kusan 350 ke nan. Gadar Kennedy ta Yamai, wadda muke gani kamar kakar gadoji, 1970 aka buɗe ta.

Sauran wuraren da aka bar ƙorama ta ratsa kanal fa? Shekara biyar ba ta cika ba sai da abin ya bayyana. Kowace ambaliya na zuba yashi da laka cikin kanal, jirage su maƙale, gaɓa ta fashe, a yi ta yasa ba ƙarewa. A 1686 sarki ya aika da Vauban, babban injiniyansa na soja, ya je ya duba. Vauban ya yaba aikin, amma bai ɓoye aibinsa ba. Shawarar da ya bayar a taƙaice ita ce a raba ruwan kanal da ruwan ƙorama, kowa da hanyarsa. Cikin shekarun da suka biyo, wani injiniya mai suna Antoine Niquet ya jagoranci gina gadoji da magudanai gommai, manya da ƙanana. Daga cikinsu akwai gadar kogin Cesse mai bakuna uku, wadda ta maye gurbin madatsin Riquet, da ta kogin Orbiel a garin Trèbes. Wato an komo an yi wa ƙoramu da yawa abin da aka yi wa Répudre tun farko.

Biyu suka gagara har kusan shekara 170. Kogin Orb yana da faɗi, don haka jirage suna sauka cikinsa ne su ratsa su sake shiga kanal, kuma in ya cika sai a zauna jira, wani lokaci makonni. Gadar da ke cikin hoton nan ita ta kawo ƙarshen wannan jira a 1858. Ɗayan kuma, Libron, yana kusa da teku inda ƙasa ke shimfiɗe, ba tsawon da za a ɗaga kanal sama da shi. A 1855 aka yi mishi dabara ta daban: wasu kwatamai masu motsi da ake jawowa bisa kanal in ambaliya ta zo, kogin ya bi ta sama ya wuce da yashinsa. Wallahi in ka ga zanen wurin sai ka ce mutanen nan sun zauna da kogin ne sun yi sulhu.

To me ya sa bakan dutse ke daɗewa haka? Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen baka. Duk wanda ya shiga zauren fadar Sarkin Damagaram ko tsoffin soraye na Birni ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, ya san maginanmu sun iya rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Namu da azara ake ɗaure shi, ana turo ta daga bango kaɗan-kaɗan har ta haɗu a sama, a lulluɓe da laka. Na dutse dabararsa daban. Ana fara kafa katako mai siffar baka, a sassaƙa kowane dutse ya zama mai faɗi a sama, matsattse a ƙasa, a jera su bisa katakon daga gefe biyu har a saka na tsakiya, sannan a zare katakon. Daga nan kowane dutse na danne maƙwabcinsa, nauyi na gangarawa gefe har ya kai ga tushe. Dutse ba ya son a ja shi ko a lanƙwasa shi, amma dannewa kam zai ɗauke ta shekaru aru-aru. Ba ƙarfe a ciki balle ya yi tsatsa ya fasa ginin daga ciki, kamar yadda muke gani a kadarkon siminti in ruwa ya samu hanyar shiga.

Wannan dabara ta baka har kwance suka yi amfani da ita. Ɗakunan ruwa masu ƙofofi da jirgi ke shiga a ɗaga shi ko a sauke shi, waɗanda Faransawa ke kira écluse, a Canal du Midi siffar ƙwai gare su. Dalili kuwa, tun farkon aiki bango miƙaƙƙe ya kasa jure turin ƙasa, sai Riquet ya lanƙwasa bangon ya zama baka a kwance. Nan ma kuskure ne aka gyara.

Akwai wani abin mamaki da yaran lise za su so. Ruwa mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, nauyinsa tan guda ne, don haka gadar kanal na ɗauke da nauyi mai yawa dare da rana. Amma in jirgi ya hau, ko da cike yake da alkama, nauyin bai ƙaruwa, domin jirgin na ture ruwa daidai nauyinsa. Ashe darasin Archimède da muka yi ta zane a allo yana da inda yake aiki. Abokan gabar gadar na gaskiya biyu ne: ruwan sama da ita da ke neman yoyo tsakanin duwatsu, da ruwan ƙasa da ita da ke ƙwaƙule tushe lokacin ambaliya. Shi ya sa ake yi wa ƙafafun manyan gadojin hanci mai tsini da ke fuskantar kogi, ya tsaga ruwa biyu, ya kauce wa kututturen da ambaliya ta ɗauko.

Ban da waɗannan manya, akwai ƙananan gadoji da yawa masu doron raƙumi da ke ratsa kanal don keken shanu da masu tafiya ƙasa. Wajen Toulouse, inda dutse ke wuya, da jan bulo aka gina su, can gabas kuma da dutse. Kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi. A ƙarƙashinsu akwai ƴar hanya ta dawakin da ke jan jirage, kuma a kusurwar wasu duwatsun har yau ana ganin tsagin da igiya ta ci. Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya ya ga yadda igiyar guga ta sassaƙe itacen baki, ya san irin shekarun da wannan ke nufi.

Yanzu mu komo ga tambayar da muka jingine. An rubuta cewa ma'aikatan Riquet, waɗanda suka kai 12,000 a lokacin da aiki ya fi zafi, da mata da yawa cikinsu, albashin wata ake biyansu, har da ranakun Lahadi da ranar ruwan sama da ranar rashin lafiya. Wannan a shekarun 1670 ke nan. Ita dai wannan ƙasa, shekara 260 bayan haka, da ta zo gina madatsin Markala bisa kogin Isa a Mali don shayar da kanal-kanal na Office du Niger, aikin tilas ta sa talakawa. Kakanninmu a nan ma sun ɗauki dutse da ƙasa a ka don hanyoyin mulkin mallaka ba da son ransu ba, kuma sai 1946 aka soke aikin tilas a doka. Sun san yadda ake mutunta lebura, a gida suka bar sanin. Ba mu manta ba, kuma ba mu ce kowa ya manta ba. Sai dai fushinmu da su bai canza halin ruwa ba. Ƙorama ba ta san tuta ba, kuma ilimin da aka samu da tsada a Cesse da Libron ba gadon gidan kowa ba ne.

Abin da ya fi damunmu a labarin ma ba ginin ba ne, abin da ya biyo bayansa ne. An ba iyalin Riquet mallakar kanal da haƙƙin karɓar kuɗin wucewa, tare da nauyin gyara. In kanal ya toshe, aljihunsu ne ya toshe. Akwai wanda za a kama, ke nan. Kuma har yau ana rufe sassan kanal lokacin sanyi, a zubar da ruwa, a shiga a duba bango da ƙofofi, a cike tsagi. Sunan da suke ba wannan lokaci zai ba ku dariya: chômage. Kalmar da mu muka sani ta zaman kashe wando, su a can lokacin ne ake aiki mafi wuya.

Kanal ɗin ya ga rana ya ga dare. A 1858, shekarar da aka buɗe gadar Orb, aka ba kamfanin jirgin ƙasa hayarsa, kamar ka ba kura ajiyar akuya. Gwamnati ta karɓe shi a 1898, jigilar kaya ta yi ta raguwa har ta tsaya wajen ƙarshen shekarun 1980. Da an ga dama da an bar shi ya cike. A 1996 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya da gine-gine 328, gadoji da ƙofofin ruwa da ramuka, yau kuma masu yawon buɗe ido ke ciyar da ƙauyukan bakinsa. Su ma suna da nasu ciwon: itatuwa kusan 42,000 da ke yi wa kanal inuwa, wata cuta da aka gano a 2006 ta sa an sare dubbai ana dasa wasu.

Ba muna cewa a haƙa kanal daga Maraɗi zuwa Damagaram ba. Ruwan sha ma yaya aka ƙare, balle na jirgi. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Amma ku tuna damanar 2024. A watan Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, kamiyoyi suka yi layi, babban birnin ƙasa ya koma kamar tsibiri. Maraɗi ta yi jana'izar mutanenta bayan ruwan ƙarshen watan. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube ƙasa mutane na kallo. Ruwan shekarar ya yi yawa, gaskiya ne. Amma hanya da ta ratsa ƙorama ita ma irin matsalar Riquet ce: abu miƙaƙƙe ya haɗu da ruwa mai gangarowa. Sau nawa muka ga an saka ɗan bututu inda ƙorama ke buƙatar baka mai faɗi, saboda an auna ta da rani? Sau nawa ruwa ya tafi da kadarko, aka sake gina shi daidai girman na da, a daidai wurin na da, kamar ana jiran ƙoramar ta ji kunya?

Mu a ganinmu, nan ne ya kamata a samu Vauban namu. Ba sai baƙo ba. Injiniyoyinmu na nan, sun san lissafi. Abin da ake buƙata shi ne a ba wani ikon zuwa bayan damana ya duba, ya rubuta cewa wurin nan an yi kuskure, kuma kada a ɗauki maganarsa a matsayin cin mutuncin wanda ya yanke kyalle ranar buɗewa. A wata unguwa da muka zauna, sau uku ana gyara kwalbati guda cikin shekara shida, kowane karo da sabon allo mai ɗauke da sunan aiki. Tsofaffin unguwar sun sha faɗa cewa tun suna yara nan ne hanyar ruwa. Ba wanda ya tambaye su.

Kuma ba a ce ba mu iya dutse da ruwa ba. Je ka Keita cikin jihar Tawa ka ga abin da mutane, galibinsu mata, suka jera da hannu tun daga 1984: layukan dutse bisa gangare, madatsai cikin ƙoramu, don ruwa ya rage gudu ya shiga ƙasa. Gyara na kai-da-kai ma ba baƙo ba ne gare mu. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta laka zalla, tana tsaye ne saboda ana hawa itatuwan nan da ke jikinta ana sabunta yaɓe, kuma birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Kowane maigida mai gidan ƙasa ya san kafin ruwan farko sai an hau soro an duba indararo. Wannan shi ne chômage ɗinmu. Sai da siminti ya zo muka ɗauka an gama da yaɓe har abada.

Wani abu kuma: in aka ce kayan tarihi a ƙasar nan, hankali na tafiya ga fada da masallaci da ganuwa. Daidai ne. Amma su can sun lissafa har ƙaramar magudanar da ke ƙarƙashin kanal, wadda ba mai ganinta sai ya sauka cikin ciyawa, suka ba ta suna da shekara. Mu tsoffin rijiyoyi masu ginin dutse, da tafkunan da garuruwa suka zauna dominsu, da tsoffin kadarkon da suka riga ƴancin kai kuma har yanzu motoci na bi, wa ya ƙirga su? Wasu ma da gumin kakanninmu na aikin tilas aka gina su, wanda ya ƙara sa su zama namu. Ranar da ɗaya ya faɗi sai dai a ce ai tsoho ne.

Don haka ga roƙonmu gare ku. In akwai tsohuwar gada ko kadarko ko rijiyar dutse a garinku, a Tasawa ne ko Madawa ko Mirya ko Birnin Konni, ku sauka ƙarƙashi ku ɗauko mana hoto, musamman tushen da inda ruwa ke bugu. Ku tambayi dattawa wace shekara aka yi, su wa suka yi, da kuma iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Za mu tara abin da kuka turo mu karanta a shirinmu kafin hadarin farko, mu gayyato injiniya guda da magini guda su zauna su duba tare da mu.